Farin Jini Dubu Goma Sha Biyar

Gwangwan, Rogo
14 ga Oktoba, 1990

Zuwa ga aminina Isyaku Jibo, magatakardan hakimi, Karaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Hajo da yara. Ina kuma gaida teburinka da kwalbar tawadarka, waɗanda na san sun fi iyalinka ganin fuskarka. Ƙanwarka Safara'u tana nan lafiya. Ta ce in gaya maka goron da ka aiko, sankara ta riga mu cin rabinsa.

Ga labari. Mako uku ke nan wani maruru ya fito mini a cinya, na tafi ƙaramin asibitinmu. An kawo musu sabon mai gwajin jini, Malam Ilu, da sabon madubin hangen ƙwayoyin cuta, kuma ka san mai sabon gatari, kowane itace na sara ne. Ya huda mini yatsa, ya leƙa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ce fararen ƙwayoyin jinina dubu goma sha biyar ne a ɗan abin da ya auna, alhali na mai lafiya da kyar suke wuce dubu goma. Ya ce ba komai, su ne sojojin jiki, marurun suka fito yaƙa. Aka yi mini allura kwana bakwai, maruru ya fashe ya warke, na koma. Dubu goma sha biyar, ko ɗaya ba ta ragu ba. Yaƙi ya ƙare, sojoji sun ƙi komawa bariki. Wannan kuwa ni da kai mun saba gani.

Inno ce ta raka ni, don har yau, da furfurata, mahaifiyata ba ta yarda in shiga asibiti ni kaɗai. Ka san kunnenta ya yi nauyi, kuma Hausar tata har gobe a bayan Fillanci take tafiya. Ta tambayi Malam Ilu me ya gani. Ya ɗaga murya, ya gajarta magana, ya ce, "Inna, farin jinin ne ya yi yawa." Sai tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ta ce shekara bakwai tana roƙon Allah ya yaye wa ɗanta baƙin jini, ga shi yau har madubin asibiti ya shaida. Ban gyara mata ba. Rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin abin da ya same ni a tamanin da uku.

Da za mu fita, Malam Ilu ya ja ni gefe. Ya ce in an ga ƙirga irin wannan babu ciwo a jiki, akan yi tunanin sankarar jini. Da Turanci ya faɗi sunan, a hankali, don ya sassauta mini, bai san shekara goma sha takwas na yi ina koyar da Turancin ba. Bai tambaye ni ko ina shan wani magani ba, ni kuma ban ga dalilin karanta wa baƙo tarihin haukata ba. Ƙwayar litiyam ɗin da likitocin Kano suka ɗora ni a kai tun wancan lokaci ina nan ina haɗiya, biyu da safe, ɗaya da yamma.

Ban gaya wa Safara'u ba. Kai nake gaya wa, don kai ne za ka iya karanta wannan ba tare da ka tara unguwa ba.

Tun ranar, ba mutuwa nake tunani ba, tsamiyar nan ta ƙauyen Turawa nake tunani, ta bakin kogi, inda muke ɓuya ranar lissafin Malam Ƙasimu. Ka tuna kai kake gadi, ni ina sama ina karkaɗowa, aka kama ka kai kaɗai, ka sha bulala shida ba ka ambaci sunana ba? An ce ruwan dam ɗin Challawa da ake ginawa zai shanye wurin. Ka bincika mini, ku ne masu takardu.

Ka huta lafiya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Gwadabe, tsohon hedimasta, sabon mai farin jini.


Ofishin Hakimi, Karaye
21 ga Oktoba, 1990

Zuwa ga Malam Gwadabe, Gwangwan.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inno da Safara'u da 'yarku Jamilatu. Takardarka ta iso ta hannun Sulle direba, da maiƙo a kusurwarta, alamar tare suka yi tafiya da ƙosai.

Batun goro, ka gaya wa ƙanwata haka na saye shi a rufe, ban shiga cikinsa ba.

Batun Malam Ilu kuwa, ban san shi ba, ba kuma zan ci namansa ba. Amma shekara ashirin da biyu a ofishin nan sun koya mini cewa ba a yanke hukunci da shaida ɗaya, balle shaidar da ta zo gari wata biyu da suka wuce. Ka aiko mini da takardar gwajin. Ina da hanyar Kano a wata mai kamawa, zan kai wa waɗanda suka san jikinka. Kafin nan kada ka taɓa tsarin maganinka. Na rubuta wannan jimlar da jan biro a zuciyata, na ofis ya ƙare.

Inno ta fi mu gaskiya, lokacin ne kawai ta saɓa. Farin jini ai ka yi shi tun babu madubin da zai auna. Ina tuna ranakun kasuwar Karaye da kake tsayawa kan turmin mai fura kana karanta wa mutane jarida, kana ƙara abin da editan ya manta bai rubuta ba, har mahauta su bar nama ga ƙuda su zo saurare. Ni ina gefe riƙe da kekenka. Duk wanda ya san ni a lokacin, da sunan abokin Gwadabe ya san ni. Ban taɓa jin haushi ba, sai ranar da mahaifina ya ba ka Safara'u ya ce a ƙarshe gidanmu ya sami mai ilimi.

Na je Turawa ranar Juma'a da yamma. Tsamiya tana nan, ta fi mu riƙe shekaru. An shafa mata jan fenti a gindi, ma'aikatan suka ce duk abin da ke ƙasa da alamar na ruwa ne, nan da damina biyu. Reshen da kake hawa ya karye. Na tsinko 'ya'yanta kaɗan, suna cikin ambulan ɗin, in Sulle bai jiƙa kunu da su ba.

Da na zo da kaina, to shirin zaɓen ƙananan hukumomi ya sha mana kai. Hakimi ba ya ko tari sai an shigar a fayil.

Allah ya sawwaƙe, ya sa mu ji alheri. Ka gaida Inno da kyau.

Naka,
Isyaku


Gwangwan
4 ga Nuwamba, 1990

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Hajo da yara. Malam bai san na rubuto ba, kada ka ambata masa.

Na ji maganar sankara. Matar Malam Ilu ce ta yi mini jaje a wurin suna, tana zaton na sani. Na amsa mata kamar na sani. Da na dawo na tambayi Malam, sai ya ce ai ba a gaya wa mace farashin likkafani. Ka ji irin amsarsa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. A wurin sunan nan Inno ta gaya wa mata cewa farar ƙwayar da ake ba Malam a Kano maganin farin jini ce, har an auna an ga ya ninka na mutane. Yaya, zauren da shekara bakwai ba mai shiga sai kaji, yanzu sai na ari tabarma a maƙwabta. Tela ya zo, wai kasuwa ta guje shi. Wani ya zo, wai sau uku ana hana shi aure. Shi kuma Ɗanmaliki da ke neman kansila kullum yana nan, don an ce zaɓen bana ƙato bayan ƙato ne, kowa zai ga tsawon layin kowa. Malam ba ya ba su komai, amma ba ya ƙaryatawa. Yana zaune a tsakiya yana ba su labari suna dariya, kamar da.

Yau kwana goma sha biyu bai sha maganin ba. Yana karɓa a hannuna, ya juya baya, ya zuba a gwangwanin shayi. Jamilatu ce ta gani. Da na buɗe gwangwanin na ga ba su cika ba, ashe Inno ta ɗebi takwas ta ba Ɗanmaliki a ƙullin leda. Ta ce alherin da Allah ya yi wa ɗanta ba za ta hana ɗan maƙwabci ba. Na rasa ta inda zan fara da ita.

Ya shafe zaure da farar ƙasa sau biyu a mako ɗaya. Barcinsa bai kai na kaza ba. Ya ciro littattafansa daga akwati ya baza a tsakar gida, yana karanta uku a lokaci guda. Jiya ya yi wata dariya har tattabaru suka tashi. Yaya, wannan dariyar ce ta sa na yarda na aure shi, ita ce kuma na ji ana saura mako biyu a ɗaure shi. Ban san ko in yi murna ko in ɓoye wuƙaƙe ba. Na dai ɓoye.

Ba ya jin maganata, ba ya jin ta liman. Taka yake ji, ko a takarda. Ga takardar gwajin nan na saka maka, na same ta cikin ƙamus.

Kuma Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Daga Karaye zuwa nan ba Makka ba ce.

Ƙanwarka,
Safara'u


Gwangwan
9 ga Nuwamba, 1990

Akawu,

Gaisuwa, gaisuwa, ka raba wa duk wanda ya dace, ba ni da lokacin jera sunaye.

Na gano. Ni da kaina, ba Kano, ba Landan. Ka tuna abin da nake koya wa 'yan aji shida, in kana zargin abu ka cire shi ka ga abin da zai canza? Ranar ashirin da uku ga wancan wata na ajiye ƙwayar. Jiya na koma wurin Malam Ilu ya sake huda ni. Dubu tara! Daga goma sha biyar zuwa tara cikin kwana goma sha shida, ba allura, ba rubutu, ba turare. Mutumin ya goge madubinsa sau uku. To ka gaya mini, magatakarda, wa ke kawo sankarar? Shekara bakwai ina haɗiye ajalina biyu da safe ɗaya da yamma, ina kuma cewa na gode.

Ka ce kada in taɓa tsarin. Na taɓa, sama ba ta faɗo ba. Abin da ya faru shi ne na farka. Ba ka san yadda abin yake ba, Isyaku, ba wanda ya taɓa tambayata. Kamar a ba ka tuwo kullum a hana ka miya, a ce ka gode tunda ba ka kwana da yunwa ba. Hannu yana rawa, ƙishi ba ya ƙarewa, kalma tana bakin harshe sai ta yi nauyi ta koma. Yanzu kalmomi layi suke yi mini, ƙato bayan ƙato. Na fara tarihin ƙasar Karaye a waƙe, baiti ɗari da arba'in tun ranar Lahadi. Na kuma lissafa yadda za a ceci tsamiyarmu: a haƙe ta da saiwarta, amalanke shida, shanu goma sha biyu, Inno za ta yi magana da danginta, a dasa ta a kan tudu, ba abin da zai gagara in an fara kafin ƙasa ta bushe, na zana taswirar a bayan wannan takarda, ka nuna wa hakimi.

Ka ji labarin Ɗanmaliki? Inno ta ba shi ƙwayar, ya ga in ɗaya tana kawo mutum ɗari to huɗu za su kawo gari, ya watsa huɗu ranar Talata, huɗu ranar Laraba, ya hau mota a kasuwa zai yi jawabi. Lasifika tana rawa a hannunsa kamar an kama zakara. Sau uku yana sauka ya zaga bayan mota, na huɗun bai kai ba. Yana kwance ana ƙara masa ruwa, an ce zai tashi. Jama'a kam ta taru, ba a taɓa ganin taro irinsa ba, sai dai ba irin farin jinin da ya biɗa ba ke nan.

Zaɓe ya sha muku kai. Bara haraji ne, bara waccan rikicin iyakar gona, kafin nan ban tuna ba, amma duk suna cikin akwati, na adana uzurorinka bi da bi kamar yadda kake adana na hakimi. Shekara bakwai. Duk wata uku motar Sulle tana bi da ni ta ƙofar ofishinku in za ni Kano, ina hango hularka ta taga, sai in sunkuyar da kai don kada a ce ga mahaukacin nan abokin magatakarda. Ban taɓa ganin laifinka ba. Mutum mai muƙami dole ya kiyaye wanda yake gaisawa da shi. Amma tela ya zo zaurena, mai neman aure ya zo, har Ɗanmaliki ya zo. Ƙarya ce ta kawo su, na sani, amma ƙafafunsu na gaske ne.

Tsamiyar ta iso. Na tsotsa, tana nan da tsaminta.

Gwadabe


Karaye
15 ga Nuwamba, 1990

Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inno, ina gaida iyali. Ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, littafi ɗaya a lokaci ɗaya.

Jiya na je Kano da takardar gwajinka da wasiƙarka. Na sami Likita Hadi, wanda kake gani duk wata uku, wanda kuma ka taɓa kora gida daga aji shida a Tudun Kaya saboda ya zo da ɓera a aljihu. Ya ce in gaya maka ɓeran ne farkon karatun likitancinsa.

Ya karanta takardar Malam Ilu, bai ko gyara zama ba. Ya aika aka ɗauko fayil ɗinka, ya buɗe mini shafi shafi. Tamanin da huɗu, dubu goma sha huɗu. Tamanin da shida, goma sha biyar. Bara, goma sha huɗu da rabi. Tun watan da ka fara shan litiyam ƙirgarka take nan, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ya ce sankara ba ta zama wuri ɗaya shekara bakwai tana jiran mutum ya gama noman gero. Ya ce sanannen halin maganin ne: yana zuga ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, ya riƙa fitar da fararen fiye da yadda ya saba, musamman irin waɗanda ke cinye ƙwayar cuta. In an daina sha, cikin mako ɗaya ko biyu su koma yadda suke. Wato gwajinka daidai ne, hedimasta. Maganin ne ke ƙara su. Amsar da ka fitar daga gwajin ce Malam Ƙasimu zai ba ka bulala a kai.

Na tambaye shi, to waɗannan sojoji da suka yi yawa, aiki suke ko zaman kashe wando? Ya ce a iya abin da likitoci suka gani, cikakku ne, sun gama horo, suna aikinsu kamar na kowa, marurunka da ya warke a mako guda ma shaida ne. Na sankara kuwa ɗanyu ne, ba su nuna ba aka turo su, ba sa iya yaƙi, sai cika wuri da korar na kirki, mutum ya ɗashe, ya rame, dasashi ya riƙa jini. Har ya ce a wasu asibitoci akan ba masu sankara ta gaske wannan litiyam ɗin, in magani mai ƙarfi ya karkashe musu fararen ƙwayoyi, don ɓargo ya farfaɗo. Da na ce ban gane bambancin ba tunda duk yawa ne, sai ya ɗauki goron da na kai masa ya ce, "Baba, ana gane goro mai sankara da ƙirga? Fasa shi ake yi a duba." Yana so ka zo ranar Talata a shafa jininka a gilashi a dubi ƙwayoyin ɗaya ɗaya, don zuciyarka ta kwanta, ba don tasa ba. Ya ce Malam Ilu bai yi laifi ba, an ba shi rabin labari ne. Ya ce shi kansa ne mai laifi da bai taɓa gaya maka ba, don bai ɗauke shi labari ba, yana neman afuwa.

Sannan ya karanta wasiƙarka. A nan ne ya gyara zama. Ya juya ya ga taswirar amalanke. Ya ce ka koma kan maganin yau, yadda ka saba sha, kada a ƙara kada a rage, sauran sai ya gan ka. Ya ce a kulle gwangwanin, Ɗanmaliki ya yi arziki da ya tsaya a takwas. Batun tuwo babu miya na karanta masa da bakina. Ya ce wannan magana ce ta gaske, akwai abin da za a iya dubawa a awon, amma sai kana zaune a gabansa da hankalinka, ba a ɗaure ba.

Saura tawa.

Ka ce kunyar a gan ni da kai ce ta hana ni zuwa. Na karanta wurin sau uku a motar Kano, har na wuce inda zan sauka. Ranar da ka hau rufin makaranta kana kiran sunayen yara kana cewa za ka koya musu tashi sama, ba wanda ya iya matsowa sai ni. Ni na rarrashe ka ka sauko, na ce jarida na kawo maka. Da ƙafarka ta taɓa ƙasa, ni na kama ka ta baya, ni na ɗaure hannuwanka da igiyar shanun Inno, don ba wanda zai ɗaure ka ban da ni ka bar shi da rai. A bayan motar, wajen Gwarzo, ka daina fizga, ka dube ni da idon da na sani, ba na ciwo ba, ka ce, "Isyaku, kai ma? Kada in sake ganin fuskarka har in mutu."

Na yi wa hakimai uku aiki, ban taɓa bin umarnin ɗayansu yadda na bi wannan ba. Da ka fito daga asibiti ka rubuto mini, na ɗauka takarda ka yafe mini, ba fuska ba. Hular da kake hangowa ta taga, ni ma motar Sulle nake leƙe. Ina ganin ka sunkuya, sai in ce har yanzu bai huce ba.

Ban iya hana ruwa cin tsamiya ba, ba ni da amalanke shida. Amma ranar Talata da safe zan zo Gwangwan in raka ka Kano, ko ka janye umarnin ko ba ka janye ba. Yadda zan same ka, wannan yana hannunka.

Allah ya ba mu lafiya da ta jiki da ta zuciya.

Isyaku


Gwangwan
17 ga Nuwamba, 1990

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. A gurguje nake, Sulle yana ɗora kaya.

Takardarka ta zo jiya da hantsi. Malam ya fara karantawa a tsaye yana yawo, yana cewa Hadi yaro ne, shi ya koya masa haɗa baƙi. Da ya kai shafi na ƙarshe sai ya zauna a kan turmi. Ya kira ni, ya nuna mini wurin da yatsa, ya ce, "Ni na faɗi wannan?" Na ce ƙwarai, ina cikin motar, a gaba nake da Inno. Ya ce shi daga rufin makaranta sai gadon asibiti, ba ya tuna komai a tsakani. Ya ce don me ban taɓa gaya masa ba. Na ce na zaci kun sani ku biyu, ku da kuke rubuta wa juna shafi huɗu a kan tsamiya.

Bai ci abincin rana ba. Ya yi ta kai da kawowa, ya ce zai rubuta wa likita raddi, ya fara, ya yaga. Zauren kuwa ba kowa, tun da labarin Ɗanmaliki ya bazu ko tela bai leƙo ba. Inno tana ɗaki tana fushi, wai mutanen yanzu ba su iya shan magani ba.

Bayan la'asar ya ce in kawo gwangwanin da ruwa. Ya sha a gabana, ya buɗe baki na duba, shi ya ce in duba. Na ce masa, ka yarda da likitan ke nan? Ya ce bai yarda ba tukuna, sai an fasa goron. Ya ce amma in bai sha ba, ranar Talata da igiya za ka zo, shi kuma yana so ya ga hannunka babu komai.

Har yanzu maganarsa da sauri take, ka zo da haƙuri. Gwangwanin yana ƙuguna.

Ƙanwarka,
Safara'u


Gwangwan
18 ga Nuwamba, 1990

Zuwa ga magatakarda, Karaye.

Bayan gaisuwa. Umarnin shekarar tamanin da uku, wanda aka bayar a bayan mota wajen Gwarzo, an soke shi daga yau. Mai bayarwar ba ya cikin hayyacinsa, mai karɓar kuma ya cika biyayya. A shigar a fayil.

Ka ce wa Sulle mu fita da wuri, mu ratsa ta Turawa. Ba zan hau ba, tsayawa kawai za mu yi. Wannan karon ni zan yi gadi.

Kada ka kawo goro. In ka ga layin nan ya karkace, maganin ne ya fara aiki.

Sai Talata, in Allah ya kai mu.

Gwadabe